Tambaya da Amsa: Ƙasa na Zaune Lafiya, Na'urata na Ta Zana Girgiza

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Bauchi. Na sayi ƙaramar na'urar auna girgizar ƙasa samfurin Raspberry Shake, na ɗora ta a kan tebur a ɗakin karatuna don in riƙa nuna wa ɗalibai abin da ta kama. Tun da na kunna ta, layin da take zanawa baƙi ƙirin yake daga safe har dare, wani lokaci kuma sai ta tsinke, awa guda babu komai. Lalatacciya aka sayar mini ko?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Da wuya a ce lalatacciya ce. Matsala biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, kowacce da maganinta: baƙin layi hayaniya ce, tsinkewa kuma wuta ce ko intanet.

Mu fara da baƙin layin. Zuciyar na'urar wani ɗan gwangwani ne da ake kira jiyofon. A cikinsa akwai maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya da ke rataye a sifirin, duk lokacin da abin da take kai ya motsa sai ta haifar da 'yar wuta, a auna ta sau 100 a kowace daƙiƙa. Ba ta san bambancin girgizar Japan da gudun yaranka a tsakar gida ba. Tebur kuwa ƙara wa motsi gishiri yake yi. Ka sauke ta yau ɗin nan, ka kai ta ɗakin ƙasa, kan daɓen siminti tsirara, ba kan leda ko kafet ba, a kusurwar da ba a bi, nesa da firiji da fanka da famfon burtsatse. Ka daidaita ƙafafunta har kumfar awonta ta tsaya tsakiya, ka kwantar da wayoyinta a ƙasa kada su yi lilo.

Bayan kwana biyu sai ka duba zanen yini guda cur. In layin ya sirance daga tsakar dare zuwa kiran asalatu, ya fara kauri lokacin da Keke Napep da tireloli suka fito, to na'urarka lafiya lau take, unguwarku take ji. Wannan ba na Bauchi kaɗai ba ne. A shekarar 2020, lokacin kullen korona, masana sun ga hayaniyar da ɗan'adam ke jawo wa ƙasa ta ragu da kusan rabi a wurare da dama na duniya, har da bayanan irin na'urarka aka yi binciken.

In kana son kama mai laifin, ka buɗe manhajar Swarm, kyauta ce daga hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ka zaɓi hoton da ke rarraba motsi gwargwadon saurinsa. Inji ba ya iya ɓuya a nan, miƙaƙƙen layi yake ja a wuri ɗaya muddin yana aiki. Babban janareton dizal da ke juyi 1,500 a minti zai fito a kan 25, wato sau 25 a daƙiƙa. Ka lura da lokacin da layin ya bayyana da lokacin da ya ɓace, za ka tarar ya yi daidai da tashin injin niƙan maƙwabta ko ɗauke wutar NEPA. Girgiza mai nisa kuwa a can ƙasan hoton take zama, tsakanin 0.5 zuwa 2. Ka sa manhajar ta tace maka wannan zangon kawai, mafi yawan baƙin zai wanke.

Sai dai akwai wata hayaniyar da ba ta ƙasa ba ce: tsinaye sirara masu fitowa tsilli-tsilli, dare da rana, kusan tsayi ɗaya. Waɗannan daga lantarki suke shiga, galibi daga caja mai araha, ko Wi-Fi, ko wayar salula da aka ajiye kusa. Shi ya sa nake cewa a haɗa ta da igiyar intanet kai tsaye, a nisanta rawuta da ita ko da mita biyu ne.

Tsinkewar kuwa, a ƙasarmu wuta ce zargin farko. Kwamfutar da ke cikinta Raspberry Pi ce, tana son bolt 5 tsayayye, da ta yi ƙasa kaɗan sai ta fara tangal-tangal. Cajar waya da siririyar igiya doguwa ba za su riƙe ta ba. Ka nemi wadda ke ba da amfiya 2.5 ko fiye, ka sa ta a kan inbata ko batirin ko-ta-kwana, domin ɗauke wuta bagatatan shi ke cinye katin ajiya a hankali har wata rana ta ƙi tashi. Ga yadda za ka rarrabe: ka rubuta rs.local a burauzarka ka duba abin da ta ajiye a cikinta. In awar da ta ɓace a shafin intanet da take tura wa bayananta tana nan a ciki, intanet ne ya yanke. In can ma babu, wuta ce ko kati.

Tambaya: Malam, ni da hannuna na haɗa tawa, irin mai sanda a kwance. Layin sai ya yi ta gangara gefe ɗaya, musamman da hantsi da bayan magariba. Mene ne dalili? Daga wani ɗalibin jami'a a Zariya.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ƙanena. Irin taka ake kira Lehman, wadda mujallar Scientific American ta yaɗa tsarinta a 1979. Ta fi jiyofon jin motsi mai tafiyar hawainiya, kuma nan ne rauninta. Da rana ta taɓa bango, daɓe na ɗan karkata, ƙarfe na miƙewa, iskar ɗaki na juyawa, duk sandar na bi. Da hunturu abin ya fi muni saboda tazarar sanyin asuba da zafin azahar. Ka kife ta da akwati mai rufin soso, ka toshe duk wata kafa, kada rana ta gan ta. Wayar da ke ɗauko sigina ta zama gajera, mai sulke, kuma kada ta bi jikin wayar wutar gida, don tamu sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, tana kuma tsallakawa. In kana shakkar amfilifayarka, wato abin da ke ƙara wa sigina ƙarfi, cire naɗaɗɗiyar wayar ka maye gurbinta da rizisto mai awo ɗaya da ita. Hayaniyar da ta rage bayan haka ta lantarki ce tsantsa. Amma in ka ga wani lilo mai laushi da ke maimaituwa duk bayan daƙiƙa biyar zuwa bakwai, kada ka yaƙe shi. Igiyar teku ce ke dukan ƙasan ruwa, ana jin ta har tsakiyar nahiya, kuma shaida ce cewa aikinka ya yi kyau.

Tambaya: An ce an yi girgiza a wata ƙasa, na duba lokacin da aka faɗa ban ga komai ba.

Amsa: Da agogon duniya na UTC ake rubuta lokacin, mu a Najeriya da Nijar muna gabansa da awa ɗaya. Sannan motsin sai ya yi tafiya: girgizar Turkiyya ta 6 ga Fabrairu 2023, mai ƙarfin maki 7.8, motsinta na farko na buƙatar kimanin minti bakwai kafin ya iso Kano. Akwai kuma wurare masu nisa da narkakken ƙarfen tsakiyar duniya ke kare mana motsinsu. Ka tabbatar agogon na'urar na daidaita kansa ta intanet, don ba ta da batirin riƙe lokaci. In kuma ka ga tsalle mai ƙarfi gajere da rana, kuma akwai wurin fasa dutse kusa da ku, ka fara zargin nakiya kafin ka tura wa jama'a a WhatsApp. Ana jin motsin ƙasa a Najeriya, kamar na Kwoi a 2016 da na Mpape a Abuja a 2018, amma tabbatar da shi aikin cibiyar gwamnati ce da ke Toro a Jihar Bauchi, mai tashoshi a wurare daban-daban da za ta gwada da juna.