Tambayi Malam: fatauci, rawar soja da jika

*Wani ɗalibi daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: Malam, mushenmu (malaminmu na boko) ya ce a Amurka tun da wuri jami'o'i ke koyar da kasuwanci, wasu kuma har da horon soja. Me za mu kira darussan nan da Hausa? Mu dai bizines muke cewa.*

To ɗana, ka daina cewa bizines, kai da kake Maraɗi garin alhazai. Mushenku ya yi gaskiya amma abu biyu ne ya haɗe muku. Horon soja ya bazu cikin jami'o'insu da dokar Morrill ta 1862 wadda Lincoln ya sa wa hannu ana tsakiyar yaƙin basasarsu tsakanin arewa da kudu, aka ba kowace jiha filaye, eka 30,000 a kan kowane wakili nata a majalisa, ta sayar ta kafa makarantar noma da aikin injuna, da sharaɗin a koyar da dabarun yaƙi, don gwamnatin arewa ta ji jiki da ƙarancin hafsoshi. Shi kuwa kasuwanci sai 1881 ya samu makarantarsa a jami'ar Pensilbaniya da kuɗin wani attajiri Joseph Wharton, alhali Paris na da tata tun 1819. Ka ce ilimin kasuwanci da horon soja, sun wadatar.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda yaran yanzu suka tattara komai suka zuba a kwando guda. Ciniki shi ne abin da ke gudana tsakaninka da mai saye, tayi da albarka har a sallama. Kasuwanci sana'ar gaba ɗaya. Fatauci kuwa sai an yi tafiya mai nisa da kaya, mai tebur a bakin babbar kasuwa ba falke ba ne ko da Dubai ya rubuta a allonsa. Kuma wai ma mamakin me kuke don an haɗa kasuwanci da yaƙi? Ayarin da ke zuwa Gwanja ɗauko goro fa? Madugu ke gaba da kowa, shi ke sasanta kuɗin fito da na hanya da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, jagaba na gaba yana duba hanya, ga uban dawaki, ga malamin ayari mai riƙe lissafi, fatake da kwari da baka a rataye saboda 'yan fashi, in an sauka zango a kewaye kaya da jakuna a sa masu gadi. Yaron da ya bi ayari duka biyun yake koya, tun kafin a san lakkwal, wato makarantar boko, a ƙasar nan.

*Daga Sabon Gari: rawar soja da rawar daji duk ɗaya ne?*

A'a. Rawar soja ita ce ta fili, hagu dama, irin ta faretin 18 ga Disamba, ranar jamhuriyar Nijar. Rawar daji a fita daji a kwaikwayi yaƙi. Ɗaliban Amurkan can galibi ta fili suka sha.

*Wata baiwar Allah daga unguwar Zariya: mene ne "ba a fafe gora ranar tafiya"?*

'Yata, wannan ai kakarki ta sani. Gora in an fafe shi sai an kwashe cikinsa an jiƙa an wanke ɗacin ya fita kafin ya ɗauki ruwan sha, ranar tafiya ba ta isa ba. Ki lura dai fafe ne, ba fasa ba, na ji wani a rediyo yana cewa "ba a fasa gora", wanda ya fasa gora da me zai sha ruwa?

*Dakare da barde?*

Dakare a ƙasa, barde a kan doki. Yanzu 'yan jarida kowa dakaru suke ce masa har da matuƙin jirgin yaƙi, na gaji da gyarawa.

*Daga Bagalam: me ya sa jikarmu ba ta yi daidai da jakar 'yan Katsina ba?*

Kalma ɗaya ce, kuɗin ne daban. Nan dala ita ce sefa 5, dala 200 jika guda, wato sefa 1,000. Can jaka fam 100 ce a da, da aka koma naira a 1973 ta zama naira 200. In ka sauka Jibiya ka tambaya wace jaka ake nufi kafin ka ce na saya.