Hedifon Stax ba ya aiki shi kaɗai: amsa ga ɗan'uwa mai tambaya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun da hantsi na ga tambayarka, sai yanzu bayan Isha'i na samu zama. Ka ce yayanka ya aiko maka da hedifon Stax SR-L300 daga Japan, kan wayarsa mai ƙafa biyar ne, bai shiga wayar hannu ba bai shiga kwamfuta ba. Kana tambaya ko a yanke kan a sa maka irin na kowa, ko kuwa ka haɗa shi da amfilifayar sifikun falo. Ka kuma ce gidanku da sola da inbata kuke aiki.

Don Allah kada ka bar kowa ya sa almakashi a wayar nan. Ko an sa sabon kai ba za ka ji komai ba, ka kuma lalata abu mai daraja.

Hedifon da muka saba da shi maganaɗisu ne a ciki da ɗan naɗin waya, shi ya sa 'yar wutar da wayar hannu ke fitarwa ta ishe shi. Naka babu maganaɗisu sam. Wata leda ce a ciki wadda ta fi ɓawon albasa sirantaka nesa ba kusa ba, an miƙe ta tsakanin faranti biyu masu ƙananan huji. Ana ɗora wa ledar caji na dindindin, bolt 580, shi ake kira bayas. Sautin kuma yana zuwa kan farantan da ɗaruruwan bolt, wannan ya ja, wancan ya tura, ledar ta motsa. Ƙafafu biyar ɗin nan ɗaya ta bayas ce, biyu na kunnen dama, biyu na hagu. Wayarka ta hannu bolt ɗaya ko biyu take bayarwa, shi kuwa Stax da kansu a bolt 100 suke auna ƙarfin sautinsa. Ka ga ke nan dole sai da amfilifaya tasa ta musamman. Kada adadin ya tsorata ka, bayas ɗin ta cikin babban resisto yake bi, wutar da ke isa ga hedifon kaɗan ce ƙwarai. Cikin akwatin amfilifayar ne haɗari yake, don kafasitocin suna riƙe wuta ko bayan an kashe. Kada ka buɗe ta.

Idan za ka sayi ta hannu, ƙirga ramukan soket ɗinta. Tsofaffin Stax bayas ɗinsu bolt 230 ne, soket mai rami shida. Na zamani, waɗanda ake rubuta wa Pro, bolt 580 ne, rami biyar. Naka zai shiga soket mai rami shida ya yi kiɗa, amma a raunane, sai ka ɗauka kayan ne ba su da kyau. Hedifon kamfanin Koss kuma, ESP/950, bayas ɗinsa bolt 600 ne kuma kansa daban ne, ba a haɗa su sai da adafta da aka yi don haka.

Wacce za ka saya? Ni dai SRM-252S nake ba ka shawara. Tare ma aka riƙa sayar da su da L300 a kwali ɗaya, don haka fara tambayar yayanka ko tana wurinsa bai gane abin tare yake ba. Iyakar abin da take fitarwa bolt 280 ne, babbar kuma, SRM-353X, tana kaiwa 400. Bambancin yana fitowa ne idan ka ƙure murya, domin wannan hedifon ga amfilifaya tamkar kafasita yake, gwargwadon tsinin sauti gwargwadon wutar da yake zuƙa. Ina da ɗan ɗakin ɗaukar murya a wajen Ƙofar Ƙaura, na gwada su biyun da wani faifan kalangu da algaita da na ɗauka da hannuna. A matsakaicin sauti, wallahi da ƙyar na bambance. Da na ɗaga sosai sai algaitar ta fara kaushi a ƙaramar, babbar kuma ta riƙe ta lafiya, har ana jin numfashin mai busa tsakanin jimla da jimla. Amma mutum ba ya wuni a wannan ƙarar idan yana son kunnensa. Irin su hedifon Stax SR-007 ne ke da cin wuta har sai an nemi babba. Amfilifayoyi masu kwalba, wato masu bututun gilashi a ciki da ke ƙara ƙarfin sauti, irin SRM-006t, sautinsu akwai taushi, ban musa ba, sai dai zafinsu a watan Afrilu na Katsina, a ɗakin da ba iyakwandishan, ba ƙaramin abu ba ne. Na zauna da ɗaya shekara guda na rabu da ita.

Batun amfilifayar falo kuwa, yana yiwuwa, amma ba kai tsaye ba. Sai an sa wani akwati mai tiransifoma a tsakani, irin SRD-7, wanda ke karɓar sauti daga inda wayoyin sifika ke fita ya ɗaga shi. Da yawa daga cikin tsofaffin bayas ɗinsu bolt 230 ne, sai ka nemi mai soket ɗin Pro. Sannan a sa mita a duba ko baƙaƙen wayoyinsa biyu a haɗe suke ta ciki, domin akwai amfilifayoyin zamani da ke ƙonewa idan an haɗa musu baƙi da baƙi. Ga sabon shiga, hanyar nan ta yi tsawo.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wutar da za ka ba ta. Japan bolt 100 suke amfani da shi, mu kuma 230. Amfilifayata ta farko daga can ta zo. Filoginta mai faffaɗan ƙafa biyu ne, ya shige soket ɗin ekstenshan ɗina kamar don shi aka yi. Na kunna, ko minti ba a yi ba na ji ƙauri, na ga siririn hayaƙi yana fita ta ramukan sama. A bayanta an rubuta 100V ƙarara, ɗoki ne ya hana ni dubawa. Wata huɗu ta yi a kwance kafin a samu wanda ya sake naɗa tiransifomar a Kano, kuma har yau idan dare ya yi tsit ina jin ɗan gurnaninta. Abin ya yi mini ciwo sosai, shi ya sa ba na gajiya da faɗa wa mutane.

Kuma ba kowane sitefdawun ne zai yi ba. Yawancin na kasuwa 220 zuwa 110 ne, raba wuta biyu kawai suke yi. Ranar da wutar gari ta zo da ƙarfi ta kai 240, abin da zai fito 120 ne, ga na'urar da aka gina don 100. Nemi wanda aka rubuta wa 100 a mafita, ka sa sitabilaiza a gabansa, ka auna da mita kafin ka jona komai.

A nan ne 252S ta dace da gida irin naku. Wutar DC bolt 12 take ci ta adafta, kuma cinta bai kai na ƙwan fitila ba. Ajiye adaftar Japan, ka nemi mai kyau mai karɓar 230 wadda ke riƙe 12 daidai, ka duba zanen da ke jikin ramin wutar don ka san ko tsakiya ne fositib ko gefe. Juya wannan kaɗai ya isa ya kashe ta. Kada kuma ka ja mata waya kai tsaye daga batirin sola, don da rana lokacin caji yana haura bolt 14.

Inbatarku fa, wace iri ce? Idan mai tsaftatacciyar igiya ce, wadda ake rubuta wa Pure Sine, to madalla, ta ma fi wutar gari kwanciyar hankali. Idan mai araha ce mai igiya a kakkarye, tiransifoma zai yi ta kuka yana zafi, ƙugin kuma ya biyo har cikin kunnenka, domin hedifon nan ba ya ɓoye komai. Ƙaramin janareta kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, kashe ka zare filogi kafin a dawo da ita.

Sai ƙura. Abu mai caji yana jan ƙura, mu kuma ga hunturu. Ƙwaya ɗaya ta shiga tsakanin leda da faranti sai ka ji tsuwa ko ɗan tartsatsi. Nawa a jakar leda mai zif yake kwana, ba na hura shi da baki, ba na buɗe shi. Da damina kuma laima kan sa kunne ɗaya ya yi ƙasa da ɗaya, sai na ajiye shi da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Bayan alwala ka goge kunne da kai su bushe kafin ka ɗora. Idan ka danna shi a kunne ka ji ƙara kamar an murza takarda, ba lalacewa ba ce, iska ce ta tura ledar, ka daina dannawa kawai.

Ɗauko mana hoton bayan inbatar, da na duk amfilifayar da aka yi maka tayi, inda aka rubuta bolt ɗin ya fito sosai, kafin ka biya kuɗi. In kana cikin gari kuma, kawo hedifon ranar Asabar bayan La'asar mu jona shi a tawa ka ji ko kunnuwan biyu suna daidai.