Ɗinkin Kirsimeti Ya Hana Ni Sukuni

TAMBAYA: Mama, salama a gare ki. Ni tela ce a Kafanchan, 'ya'yana uku. Tun da Nuwamba ta kama ɗinkin Kirsimeti ya rufe ni, ga ankon biki har kashi biyu. Sai ƙarfe ɗayan dare nake sauka daga kan keke. Mako uku ke nan rabona da koyon waƙar Zumuntar Mata, in kuma na durƙusa addu'a barci ke ɗauke ni kafin amin. Hankalina ba ya kwance, yara ma sai tsawa nake yi musu. Ko na ja da baya ne a bangaskiya?

AMSA: 'Yata, wadda ta ja da baya ba ta zama ta rubuto wasiƙa irin wannan. Gajiya ce. Buɗe Markus 6:31 ki gani: mutane na ta kai da kawowa har almajirai ba su sami sukunin cin abinci ba, Yesu da kansa ya ce su koma gefe su ɗan huta. Abin da yakan ba ni dariya, suna sauka daga jirgi suka tarar taron ya riga su isa. Ashe kwastoman da ke ƙwanƙwasa miki ƙofa da asuba ba yau aka fara ba.

Kada ki jira Janairu. Hannunki da ƙafarki ne keke ya kama, bakinki fa? Mahaifiyata ba ta iya karatu ba, amma waƙoƙin Littafin Waƙoƙi da yawa a kanta suke. A bakin turmi take rera su, taɓarya na faɗuwa daidai kan amshi, in numfashi ya ƙare ta ci gaba da rerawa ƙasa-ƙasa a maƙogwaro har dawar ta surfu. Ban taɓa ganin ta ware lokacin waƙa ba. Ki ɗauki waƙa guda wadda kika haddace tun makarantar Lahadi, ki bi ta baiti-baiti da bugun keken. Na ce da bakinki. Waya tana da amfaninta, amma in ita ke yi ke kina lissafin yadi, ƙara ce kawai ta ƙaru a shago. Mai waƙa dole ya ja dogon numfashi ya sake shi a hankali, zuciya kuwa tana bin numfashi. Bulus da Sila a kurkukun Filibi, an yi musu bulala, ƙafafu a turu, tsakar dare suka kama waƙar yabo tun ƙofa ba ta buɗe ba. Yana nan a Ayyukan Manzanni 16:25.

Sai dai zan faɗa miki wadda ba za ki so ba. Na san teloli. Atamfa nawa kika karɓa kina sane ba za ki gama ba? Taura biyu ba ta taunuwa. Rabin fargabar nan ta alkawari ce, waƙa kuwa ba ta biyan bashin alkawari. Gobe da safe ƙirga kayan da ke ƙasa, ki raba da kwanakin da suka rage, abin da ya yi saura ki kira masu shi ki mayar musu da kafin alƙalaminsu tun suna da lokacin neman wata tela.

Shugabar zumunta kuma ki aika mata gaskiyar magana, ki roƙi wata 'yar'uwa ta ɗauko miki sabuwar waƙar a waya don kada ranar 25 a bar ki kina motsa baki kawai.