Awo biyu, abubuwa arba'in: amsa ga Sani

Sani, na ga saƙonka. Ka ce kun auna mutum 60 a Agege ta Legas ran Litinin, kuka sake auna su ran Alhamis, abubuwa 40: nauyi, tsawo, hawan jini, kaurin damtse da sauransu. Kana tambaya ko dole ne ka bi su ɗaya bayan ɗaya a manhajar lissafi ta SPSS kana fitar da ICC, wato lambar da ke nuna yadda awo na biyu ya dace da na farko, ko ka buga Pearson, lambar da ke nuna alaƙar awo biyu, gaba ɗaya ka huta.

Pearson dai ka ƙyale shi. Da a ce sikelin ran Alhamis yana ƙara wa kowa kilo 2, Pearson zai ba ka 1 cif, don shi damuwarsa kawai ko wanda ya fi nauyi da farko shi ne ya fi nauyi daga baya. ICC mai neman cikakkiyar daidaituwa kuwa zai sauka, domin ya ga kilo biyun nan.

Maimaitawar ba wani aiki ba ne. Koma manhajar R, ka sa sunayen abubuwan su tafi bai ɗaya, nauyi_1 da nauyi_2, ka bar lapply, umarnin da ke maimaita aiki, ya zagaya da umarnin icc na kunshin irr. Amma ka haɗa awon farko da na biyu ta hanyar sunansu, kada ka dogara da jerin da suke a takarda, in ba haka ba wata rana za ka aura wa nauyi tsawo, kwamfuta kuma ba za ta ce uffan ba.

Inda nake so ka zauna ka yi tunani shi ne wane ICC. Shrout da Fleiss sun kasa shi gida shida a 1979, McGraw da Wong suka kai shi goma a 1996. Kunshin psych na R yana zubo maka shidan duka lokaci guda, kuma na san halin yara, ido kan tafi wurin mafi girma. Kul! Ka yanke shawara kafin ka ga lamba. Tunda kowa an auna shi a ranakun nan guda biyu, kuma kana son awon ya fito daidai da na farko, a cikin icc ka zaɓi twoway da agreement, wato cikakkiyar daidaituwa. Sannan ka tambayi kanka: ma'aikaciyar jinya gobe sau nawa za ta auna mara lafiya? In sau ɗaya ne, single, wato na awo ɗaya, za ka ɗauka. Na matsakaicin awo biyun, wato average, yakan fi kyan gani, amma ba shi ne aikinta ba.

Koo da Li a 2016 sun ce ƙasa da 0.5 rauni ne, zuwa 0.75 matsakaici, zuwa 0.9 mai kyau, sama da haka madalla. Ka gwada ma'aunin nan da tazarar amincewa ta kashi 95, wato iyakokin da ake sa ran ainihin ICC yana tsakaninsu, ba da lambar ita kaɗai ba.

Kuma in ICC ya faɗi, kada ka yi saurin zargin na'ura. Idan mutanenka duk kusan sa'annin juna ne a nauyi, zai sauka ko da sikelin lafiya lau yake. Hawan jini kuwa da kansa yake motsi. Wanda ya sha cunkoson motoci na Oshodi kafin ya iso ba zai ba ka lambar Litinin ba. Duk abin da ICC ɗinsa ya fito ƙasa, zana masa hoton Bland da Altman, mai nuna bambancin awo biyun, ka ga inda saɓanin yake.

Teburinka ya nuna sunan abu, yawan mutanen da suka rage bayan cire masu giɓi, ICC da tazararsa. Turo min shi kafin ka miƙa shi.