Kwana biyar a kwazazzabon hamada: wai me ya kamata in fi tsoro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni da abokaina huɗu mun shirya zuwa kwazazzabon Fish River da ke kudancin Namibiya, tafiyar ƙafa ce ta kwana biyar, kowa da jakarsa a baya kuma a cikin kwazazzabon za mu dinga kwana. Gaskiya ban taɓa irin wannan tafiyar ba, abin da yake hana ni sukuni shi ne macizai da kunamai. Wane magani zan riƙe, kuma dan Allah me da me zan sa a jaka? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya kai ku lafiya. Bari in sallame ka kan maganar maciji tukunna don ita ce mai sauƙin. Ba wani magani da za ka riƙe a aljihu. Ka kakkaɓe takalminka da safe kafin ka zura ƙafa, kar ka tura hannu ƙarƙashin dutse, in dare ya yi kar ka taka ko nan da can ba tocila. In tsautsayi ya sa an sari wani, ban da tsaga wurin, ban da tsotsa, ban da ɗaurewa tamau, a cire masa agogo da zobe a kwantar da shi a nemi agaji. Shi ke nan.

Ni abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ko sau ɗaya ba ka ambaci ruwa ba, alhali shi ne tafiyar gaba ɗaya. Daga Hobas inda ake gangarawa zuwa Ai-Ais inda ake fitowa wajen kilomita 85 ne, cikin yashi da manyan duwatsu, kuma mutumin da ke tafiya a rana da kaya a baya yana buƙatar aƙalla lita 4 a wuni, in zafi ya tsananta ma ya fi haka. To kowace lita kilo ɗaya ce, ka lissafa na kwana biyar ka ga kilo 20 na ruwa zalla, ba ka sa abinci ba ba ka sa bargo ba, wa zai iya? Shi ya sa dole ku dogara da ruwan da ya kwanta a kududdufan kogin, kuma wannan ruwan ba a shansa haka nan duk kyansa a ido, sai an tace ko an sa ƙwayar tsaftace ruwa ko a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa. Ku riƙe hanya biyu, don matatar ruwa tana toshewa da laka. Gudawa a wurin da mota ba ta shiga ba ƙaramin abu ba ne wallahi. Kafin ku biya kuɗin komai ku tambayi masu kula da wurin yadda ruwa yake a bana, don a shekarar fari kududdufan kan yi nisa da juna sosai.

Sannan akwai wani kuskure da mutane ke yi, su yi ta ɗirkar ruwa zalla ba sa cin komai, gumi kuma yana ta kwashe gishirin jiki, sai ka ga mutum da ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa, abokansa su ɗauka ƙishirwa ce su ƙara ɗura masa ruwa, nan kuwa ƙara masa ciwon suke. Ku dinga ɗan taɓa abu mai gishiri a hanya, ku riƙe fakitin garin gishiri da sukari irin wanda ake ba mai gudawa. Ku kama hanya da sassafe, in rana ta take ku nemi inuwa ku zauna har ta yi sanyi.

Shi ruwan kuma in ya yi yawa nan ma bala'i ne. Ƙasar hamada ba ta shanye ruwan sama da sauri, sai ya taru ya gangaro cikin kwazazzabo da itatuwa da duwatsu, kai kana ƙasa sama garau a kanka ba ko ɗigo. Haka aka yi a kwazazzabon Antelope a jihar Arizona ta Amurka ranar 12 ga Agusta 1997, ruwan can nesa aka yi shi amma ambaliyar ta kashe mutum 11. A Satumbar 2015 ma mutum 7 suka rasu a kwazazzabon Keyhole da ke gandun Zion a jihar Utah. Su waɗannan matsattsu ne sosai, naku yana da faɗi, kuma zafi da ambaliya ne suka sa ba a buɗe hanyarku sai daga Mayu zuwa tsakiyar Satumba, lokacin sanyinsu kenan. Duk da haka ku kwana a ɗan tudu, kar laushin yashin gindin kogi ya ja ku.

Jaka kuwa, ka yi ƙoƙari kar ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka sosai. Jakar barci mai ɗumi don daren hamada akwai sanyi, hula mai faɗi, safa da yawa, filasta saboda bororo, taswirar takarda don ba sabis a ciki kuma caji yana ƙarewa. Ina roƙonka kar ka je da sabon takalmi, ka fara sa shi tun yanzu kana hawa tudu da jakar cike. Za a nemi takardar likita da ke nuna ƙalau kake, kuma ba a barin ƙasa da mutum uku su shiga, kar ku raina wannan dokar. In ɗayanku ya ga jikinsa ba zai iya ba, ya faɗa tun kuna sama, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kuma lallai ku bar wa wani a gida ranar shigarku da ranar fitarku da lambar masu kula da wurin, ku ce masa in ya ji shiru ranar kaza ya kira. A 2003 dutse ya danne hannun wani Ba'amurke mai suna Aron Ralston a kwazazzabon Bluejohn a Utah, shi kaɗai ya tafi kuma bai gaya wa kowa inda za shi ba, ya yi kwana biyar a wurin, sai da ya yanke hannun da kansa sannan ya fita. In da hali ku haɗa kuɗi ku yi hayar wayar tauraron ɗan'adam guda ɗaya, ku ba wanda ya fi natsuwa a cikinku ya riƙe.