Da gaske ne ana karɓar kuɗin ruwan sama a Amurka?

Tambaya: Malam, ƙanena ya kama gida a birnin Philadelphia, sai ya ga a takardar kuɗin ruwansa ta wata-wata an ware wani kuɗi daban wai na ruwan sama. Ruwan da Allah ya saukar kuma ta yaya hukuma za ta sa masa farashi? Ina kuɗin yake zuwa?

Amsa: Ƙanen naka bai yi kuskuren karatu ba, kuɗin yana nan, kuma birane da gundumomi fiye da dubu a Amurka suna karɓar irinsa. Amma abin da ake cajinsa a kai shi ne rufin gidansa da daɓen simintin da ya hana ƙasa shanye ruwa. Idan aka yi ruwa a fili, mafi yawansa nutsewa yake yi. Da zarar an yi gini an shimfiɗa kwalta, ruwan nan sai ya kwarara titi, ya kwashi baƙin mai da taki da shara ya shiga magudana. Wani ne zai gina magudanar, ya yashe ta, ya gyara kwalbati in ta rufta, kuma aikin nan na hukumar birni ko ta gunduma ne.

A da, daga babban asusun haraji ake ɗiba, inda magudana take gogayya da makarantu da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Kowa ya san wanda zai sha kaye, tunda bututun da ke binne a ƙasa ba ya kawo wa ɗan siyasa ƙuri'a sai ranar da ya fashe. Shi ya sa wasu garuruwa suka mayar da magudanar ruwa hidima mai zaman kanta kamar ruwan famfo, da asusunta da ma'aikatanta. Bellevue a jihar Washington yana cikin na farko-farko, a 1974. Abin ya bazu ne bayan gwamnatin tarayya ta matsa lamba: a 1987 aka yi wa dokar tsabtace ruwa ta 1972 gyara, aka ce ruwan da ke fita daga magudanar birni zuwa kogi ma sai da lasisi. Biranen da suka kai mutum 100,000 suka shiga a 1990, ƙananan kuma aka fitar da ƙa'idarsu a 1999. An ɗora wa ƙananan hukumomi nauyi ba a haɗa musu da isasshen kuɗi ba, dole suka nemi hanya.

Lissafin ba shi da wuya. Ana amfani da hotunan sama a auna faɗin duk abin da ruwa ba ya ratsawa a filinka, wato rufi, wurin ajiye mota, daɓe. Yawancin garuruwa sukan ɗauki matsakaicin gida guda su mayar da shi mudu, sai a ce wannan kanti ya kai gida talatin, a caje shi ninki talatin. A Philadelphia gidajen zama kuɗi ɗaya suke biya, saboda haka ƙanenka da maƙwabcinsa daidai suke. 'Yan kasuwa da masana'antu ne ake auna wa fili.

Kafin 2010, birnin yana ɗora kuɗin ne bisa girman mitar ruwan famfo. Sai ka tarar da dogon bene mai ƙaramin rufi yana biyan kuɗi mai yawa, shi kuwa makeken filin ajiye motoci da ba shi da famfo ko ɗaya ba ya biyan ko sisi, alhali shi ne yake tura wa titi ruwa. Da aka koma awon fili, wasu kuɗinsu ya sauka, wasu ya yi tashin gwauron zabo, har sai da aka riƙa shigar da sabon tsarin sannu a hankali cikin 'yan shekaru. A ganina nan ne adalcin tsarin yake, ko da masu filayen ba su ji daɗi ba. Kuma an bar musu ƙofa: wanda ya haƙa tafkin tare ruwa, ko ya fasa siminti ya yi shuka, ana rage masa.

Kuɗin da aka tara ba a taɓa shi don wani aiki. Yana tafiya ne a yashe magudanai, share tituna, gwajin ruwa, da biyan bashin manyan ayyuka, domin hukumar da take da tabbataccen kuɗin shiga duk wata tana iya cin bashi mai sauƙin ruwa ta biya cikin shekaru. Philadelphia tana da wata matsala ta tsofaffin birane: a fiye da rabin garin, bututu ɗaya ne yake ɗaukar ruwan sama da ƙazantar bayan gida, in ruwa ya yi ƙarfi sai ya tumbatsa ya amayar cikin kogunan Delaware da Schuylkill. A 2011 suka fara wani shiri na shekara 25, na fiye da dala biliyan 2, wanda ya fi karkata ga tare ruwan tun a inda ya sauka.

Ba ko'ina abin ya tafi salin-alin ba. Rigimar kullum ita ce, wannan kuɗin hidima ne ko haraji? Bambancin yana da nauyi, domin coci-coci da makarantu da gine-ginen gwamnati ba sa biyan harajin gida, amma kuɗin hidima yana hawa kansu. A wasu jihohin kuma ba a ƙaƙaba sabon haraji sai an kaɗa ƙuri'a. A 1998 kotun ƙolin jihar Michigan ta soke kuɗin da birnin Lansing ya sa, ta ce haraji ne da ba a nemi yardar jama'a ba. Hukumomin tarayya ma sun yi ta ƙin biya, sai da Shugaba Obama ya sa hannu a wata doka a farkon 2011 da ta wajabta musu. A Maryland, dokar 2012 ta tilasta wa gundumomi tara da birnin Baltimore karɓar kuɗin don kare mashigin ruwan Chesapeake. 'Yan adawa suka laƙaba masa harajin ruwan sama, Larry Hogan ya yi yaƙin neman zaɓe da shi ya ci gwamna, a 2015 aka cire tilascin. Aikin tsabtace ruwan dai bai sauka daga kan gundumomin ba, sai wasu suka ci gaba da karɓa, wasu suka koma ɗiba daga babban asusu. A gundumar Los Angeles kuwa kai tsaye aka kai maganar akwatin zaɓe a 2018, jama'a suka amince da senti biyu da rabi a kan kowane murabba'in ƙafa na daɓe ko rufi a shekara.

Shi ƙanenka, in haya yake, ya duba yarjejeniyarsa ya ga ko shi ne zai biya ko mai gida. In kuma samunsa kaɗan ne, hukumar ruwan birnin tana da shirin rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi da tsofaffi, ya nemi fam ya cika.