Furen rana: abin da na gani a bayan ɗakina

Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa mai tambaya ko furen nan mai ruwan ɗorawa da ake kira sanfulawa yana da wata ma'ana ta ruhi, don kin ce tun da aka kai miki shi dubiya a asibiti zuciyarki ke ta komawa kansa: Allah ya ƙara sauƙi. Ni ba malama ba ce, abin da idona ya gani zan faɗa miki.

A takaba na san shi. Maigidana ya rasu farkon damina, Allah ya jiƙansa. Bayan an watse zaman makoki ƙanena mai karatun aikin gona ya kawo min iri a ƙullin leda, ya ce, "Yaya, ki zuba a bayan ɗaki, ko ya ɗebe miki kewa." Don kada ya ji ba daɗi na tona ramuka goma sha biyu a gindin katanga. Kaji suka yi nasu aikin, bakwai suka tsira.

Da ya kai min ƙugu na fara lura. In na idar da asuba na leƙa, kansa na duban gabas. Da azahar ya miƙe sama, la'asar sakaliya ya karkata yamma. Wannan kowa ya sani. Abin da ban taɓa ji ba shi ne na dare. Wata rana barci ya ƙaurace min, wajen ƙarfe uku na ɗauki tocila na fita, sai na tarar duk bakwai ɗin sun riga sun juyo gabas, alhali ko alamar alfijir babu. Suna tsaye cikin duhu suna jiran abin da bai iso ba tukuna. Na zauna a kan turmi na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da furen ya buɗe sosai kuma sai juyin ya tsaya cak. Na zaci ciwo ne. Ƙanena ya yi dariya, ya ce ai karan ne ke juya shi: da rana ɓangaren gabas ya fi tsawo sai kan ya karkata yamma, da dare ɗaya ɓangaren ya rama. In girma ya ƙare, juyi ya ƙare, sai ya tsaya yana fuskantar gabas har ya bushe. Ya ce a 2016 masu bincike a Kalifoniya ta Amurka sun nuna wanda ke kallon gabas ya fi saurin ɗumama da safe, har ƙudan zuma sun fi zuwar masa wajen ninki biyar. Shi lissafin zuma yake min. Ni kuwa kin san abin da gabas take nufi a bakin Bahaushe. Yaro ya gama waige-waigensa, ya girma ya tsai da fuska wuri guda.

Amma fa a yi hattara. Larabawa na ce masa abbadush shamsi, wato mai bautar rana, wasu malamansu suka ƙi sunan, shi ya sa za ki ji ana cewa dawwarush shamsi, mai juyawa da rana. Aya ta 37 a Suratu Fussilat ta hana sujada ga rana da wata, ta ce a yi wa wanda ya halicce su. Saboda haka abin da ake yaɗawa a intanet, wai ajiye shi a ɗaki na jawo sa'a ko kuɗi, ni ban yarda da shi ba. Abin lura ne, ba laya ba.

Kuma kowace al'umma da abin da ta ɗora masa. Asalinsa Arewacin Amurka, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16. A Yukren furen ƙasa ne, daga shi suke tatsar man girki, kuma a 1996 ministocin tsaron Yukren da Rasha da Amurka sun shuka shi a wurin da aka kwashe makamai masu linzami na nukiliya. Su zaman lafiya suke gani a jikinsa, ke wataƙila fuskar wanda ya kawo miki kike gani, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Wajen ƙarshen takabata kawunan suka yi nauyi da 'ya'ya, suka sunkuya ƙasa. Tsuntsaye suka ce salamu alaikum, sai da na yayyaga tsohon gidan sauro na ɗaure kowane kai. Sati guda kafin in fita na yanke su, na shanya a kan tabarma, na murje kusan rabin kwano. Har yau daga jikokin wannan irin nake shukawa.

Wanda aka kawo miki yankakke ne, ba zai juya ba ko kin kai shi bakin taga. In kin warware ki samu iri ki shuka a wurin da rana ke duka sosai, ki kare shi daga kaji sati ukun farko, sannan wani dare ki fita da tocila.